Yadda Na Je Faransa Karɓo Kakin Surukina

Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami. In na rufe shago sai in zauna in fara, in na kai inda surukina zai shigo cikin labarin sai in yage takardar. Har wurin limamin unguwarmu na je, na tambaye shi ko rubuta ciwon mutum a jarida yana cikin giba. Ya ce ya danganta da niyya. Na koma gida na yi kwana da kwanaki ina binciken niyyata. To amma abokaina na kasuwar Kazaure sun hana ni sakat. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce, Hattara, wai yaya Faransa? Sunana Haruna, tela ne ni, mutumin Roni. Hattara kuwa suna ne da aka liƙa mini tun muna firamare, don ni ne mai kewaye rijiya daga nesa. Faransa kuma, ga wanda ba ɗan yankinmu ba, ba ƙasar Turawa ake nufi ba. Haka muke kiran Nijar, su ma suna kiran namu ɓangaren Ingila. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina taka keke, ga shi kuma ina da wata buƙata wurin masu karatu, wadda zan faɗa in na kai ƙarshe.

Ga abin da ya tayar da ni. Matata Hajara tana da cikin fari, kowa kuwa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, can ake wankan jego. Iyayenta Fulani ne. Da a wajen Gwiwa suke zaune, amma shekarun baya mahaifinta ya kwashi shanunsa ya ƙetare iyaka ya kafa ruga kusa da Magarya, wasu sun ce don kiwo, wasu sun ce don jangali. Ba zan rubuta sunansa ba. Baffa nake ce masa. Ana shirin kai Hajara goyon ciki sai wata 'yar'uwarsu ta dawo daga can, tana cikin hira ta ce ai Baffa tun kaka yake tari, har ya faɗa.

A cikin makon nan kuma motar ma'aikatan lafiya mai lasifika ta zo kasuwa. Ta tsaya daidai bakin rumfata, kamar an aiko ta wurina. Mai maganar ya ce duk wanda tari ya daɗe masa, yana ramewa, yana gumin dare, ya zo a gwada kakinsa, wato majinar da ke fitowa daga ƙirji, ko tarin fuka ne. Ya ce cutar a iska take tafiya, tana son ɗaki marar taga, kuma jarirai ta fi kayarwa. Suka liƙa takarda a jikin bango mai hoton wani mutum ya sunkuya ya dafe ƙirji, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Sauran mutane suka kalli hoton suka wuce. Ni na tsaya na haddace shi.

Washegari na tafi asibiti wurin malamin da ke duba mu. Ya san ni sarai, don ko ƙaya ta soke ni sai na kai masa. Da ya gan ni sai ya ce yau kuma ina ne. Amma da na yi masa bayani sai ya daina murmushi. Ya ce kada in kai jariri gidan da ake irin wannan tari sai an gwada mai tarin. In zai yiwu in kawo tsohon. In ba zai yiwu ba, ga kwalabe masu murfi, ya tofa kakin asuba kafin ya ci komai, safiya biyu a jere, a rufe da kyau, a kare daga rana, a kawo da sauri, za a aika Kano a duba. Ya ce kaki ake so, ba yawu ba, kuma kada ƙasa ta shiga. Kwalba biyu ya ba ni. Na roƙi ƙarin biyu ko wata za ta fashe. Ya dube ni, ya ba ni.

Abin ya zama mini gaba kura baya sayaki. In na kai Hajara, wataƙila na kai ɗana na fari bakin cuta. In na hana ta, na ci mutuncin gidansu cin da ba ya wankuwa, a ce tela ya raina rugar da ya auro. Da na gaya mata abin da na yanke, ba ta yi fushi ba. Ta dube ni ta ce, "Kai da ko tari ba ka iya yi a gaban Baffa, kai ne za ka ce ya yi maka tari a kwalba?"

Na naɗe kwalaben cikin ragowar yadi, na ɗinka musu jaka, na rataya kofina shuɗi a wuya da igiya don kada in sha da na kowa, na kama hanya.

A tashar Kazaure akori-kura na samu mai zuwa Babura. Yanzu da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa kowa ya sayi rediyo, don haka mutum uku ne a cikin motar kowa da tasa tashar. Ni ba rediyon ce ta dame ni ba. Fuskoki nake bi ɗaya bayan ɗaya, ina neman mai kama da mutumin hoton nan. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta fara tari ba ƙaƙƙautawa, ta dafe ƙirji daidai yadda aka zana. Nan da nan na tsallake buhuna da kaji na koma can baya, na matsu kusa da wani dogon mutum siriri mai tsagen Barebari, wanda tun da muka tashi yake ba mutane dariya. Daga baya na ji ashe gyaɗa ce ta shaƙe tsohuwar.

Sunan mutumin Bukar, falken kanwa ne. Ya kai kaya Kano ya sayar, zai koma ƙasar Manga ya saro wani. Garin taba yake zubawa a leɓe, haƙoransa jajaye da goro. In ya yi dariya, ƙarshenta sai ta juye tari, ya juya ya tofar ta bayan mota. Na tambaye shi cikin ladabi ko lafiya. Ya ce tarin taba ne, ya girme ni. Na sake duba fuskarsa da kyau. Mutumin hoton ba ya dariya, wannan kuwa ba ya rufe baki. Sai na kwantar da hankalina, na gode wa Allah da ya raba ni da tsohuwa.

Dab da Kanya Babba taya ta fashe. Direba ya ce ba komai, akwai wata, sai aka tarar ita ma watar a fashe take tun makon jiya. Muka sauka muka shiga gari aka bar su suna liƙi. Mutanen Kanya Babba sun iya ɗanwake, wannan kam zan shaide su ko a gaban alƙali, sai dai hannunsu da nauyi wajen yaji. Na ɗebo ruwa a kofina zan sha, Bukar ya miƙo hannu. Na ce masa ya yi haƙuri, wannan kofi na mutum ɗaya ne. Ya tambaye ni dalili, ni kuma ban iya ƙarya ba, sai na kwashe labarin duka na gaya masa, har da kwalabe. Ya yi dariya har ya kwanta a kan benci. Da ya farfaɗo ya tambaya ko wane Bafulatani ne. Na kwatanta masa rugar. Ya ce ai ya san shi, ya sha sayar masa da kanwar shanu, bawansa ne.

Wanda ya zauna a ƙasarmu ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, ko a gaban sarki ne, ba a riƙe shi.

"To tunda 'yar bawana ka aura," in ji Bukar, "da kai da kofin duk nawa ne."

Ya karɓa ya shanye. Na wanke kofin da ƙasa, na wanke da toka, amma raina bai tashi sosai ba, tunda tarin taba ba ya yaɗuwa.

Ba mu isa Babura ba sai bayan la'asar, motocin iyaka duk sun tashi. Bukar ya ja ni gidan fatomansa, wato mai masaukin fatake. Ɗakin baƙi dogo ne, rabinsa buhunan kanwa da fatu, babu taga ko ta leƙen wata. Na nemi a bar ƙofa a buɗe, na kawo hujja daga bakin lasifika. Wani mai fataucin fata ya ce shi bai taɓa jin iska ta kashe mutum a cikin ɗaki ba, amma ya san waɗanda ɓarayi suka bari da wando. Aka rufe. Tuwon dawa da miyar kuka aka kawo a akushi ɗaya. Na yi dabara na gina ɗan bango da tuwo tsakanina da sauran, ina ci ta gefena. Bukar ya lura, ya sa hannu ya cinye bangon, ya ce a ƙasarsu ba a gina katanga sai da izinin mai unguwa. Da aka zo shimfiɗa na zaɓi lungun da ya fi nisa da baƙin da ban sani ba, na kwanta kusa da wanda na sani.

Da safe muka hau wata motar zuwa iyaka. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba. A ɓangaren Faransa kuwa mun iso rana tsaka, muka tarar ofis a rufe. Na ɗauka mutuwa aka yi. Aka ce a'a, barci suke, haka al'adarsu take, da rana ta take sai kowane ma'aikaci ya tafi ya kwanta sai ta yi sanyi. A wurinmu ma'aikaci yana barcinsa ne a kan teburinsa ofis a buɗe, don kada a ce ba ya aiki. Ban san wanne ya fi ba.

Muna jira a gindin wata bishiya wasu Buzaye suka dafa shayi. Shayinsu baƙi ne, mai ɗaci, a wani ɗan ƙaramin gilashi da bai fi babban yatsa ba, gilashin nan ɗaya kuma shi ke zagaya kowa. Da ya zo kaina na ce ina da ciwon ciki. Ban yi ƙarya ba, don ganin gilashin ya sa cikina ya murɗa.

Da jandarmomi, wato 'yan sandansu, suka tashi, aka jera mu aka ce kowa ya naɗe hannun riga a ga lambar rigakafin agana. Wanda ba shi da ita, ga mai allura nan a gefe. Ni kuwa duk lokacin da masu lamba suka zo Roni ko Kazaure sai na shiga layi, don ban taɓa amincewa ta baya ta kama ba. Jandarman ya ga hannuna na hagu, ya ga na dama, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya ce da Hausarsu wannan an yi masa ta ƙauye guda. Sai ya buɗe jakata ya ga kwalabe huɗu babu komai a ciki. Bukar ya yi mini raɗa in ce turare zan saro. Na ce ba zan yi ƙarya a ƙasar mutane ba. Na gaya wa jandarman cewa kakin surukina na zo karɓa. Ya dubi Bukar, Bukar ya taɓa gefen kansa da yatsa. Aka bar ni na wuce, har da yi mini addu'ar samun sauƙi.

Magarya gari ne na Hausawa kamar namu, sai dai komai ya ɗan karkace. Fura hura ce, malamin makaranta mushe ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, da taurin sanda, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya, hammatar da ta sha rana. Da safe gahawa suke sha da madara a babban kwano. Kuɗinsu, sefa, takardu ne manya masu lambobi da yawa, in ka riƙe sai ka ji kamar ka yi arziki, sai ka je sayen goro ka gane gaskiya. Amma suna da gaisuwa. Mutum zai riƙe hannunka ya tambayi gida da gajiya da sanyi da Ingila baki ɗaya, bai sake ka ba. Duk wanda ya sake ni sai in nemi buta.

Bukar ya ce zai raka ni rugar, wai yana da sauran kanwa kaɗan da zai kai wa bayinsa sadaka. Amalanken shanu muka samu ya kai mu. Tun daga nesa na cire takalmi. Baffa yana zaune a kan buzu gindin wata bishiyar ƙirya, na durƙusa can nesa inda murya za ta kai da ƙyar, na sunkuyar da kai na yi gaisuwa. Ya amsa yana kallon shanu. Haka ake yi, ni ban dube shi ba, shi bai dube ni ba. Bukar kuwa ya tafi kai tsaye ya zauna a kan buzun, ya ture shi, ya ce matsa, tun yaushe bawa yake zama a kan shimfiɗa.

Abu ɗaya ya yi mini daɗi a rugar nan. Suruki ba ya ci a gaban surukinsa, don haka ni kaɗai aka kai wa ƙwaryar fura da kindirmo a wata bukka can gefe, da ludayina ni kaɗai. Abin da lasifika ke ta kururuwa a kai, ashe kunya ta daɗe da tsara shi. Sai dai kunyar nan ita ce kuma ta ɗaure mini baki. Na kwana, na wuni, na sake kwana, ban ce komai ba. Kullum da asuba ina jin tarin Baffa ta bayan zana, tari mai zurfi, irin wanda malamin asibiti yake so. Ina ji zai tofar a ƙasa, ya sa ƙafa ya binne. Ni kuwa ina tsugune da kwalba a hannu kamar mai jiran ruwan sama a ƙarƙashin rumfa. Har na yi tunanin in je in tono, sai na tuna an ce kada ƙasa ta shiga. Na shirya maganar a raina iri-iri. Duk wadda na gwada, in na kai kalmar kaki sai harshena ya mutu. Ga Hajara can ciki yana ta tsufa.

Rana ta uku da hantsi Bukar ya ce shi zai wuce, ya tambaye ni ina kwalaben. Na nuna masa su yadda na zo da su. Ya ce, "Wannan yaro za ka mutu da ladabi." Ya fizge jakar ya nufi gindin ƙiryar. Na bi shi daga nesa na durƙusa a wurina, ina fatan ƙasa ta tsage.

Bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce wa Baffa surukinka ya taso tun daga Ingila don tarin nan naka, likita ya ce ba a kawo jariri gidan mai tari sai an duba, ga kwalba, tofa. Har matan da ke daka suka tsaya. Baffa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, Bafulatani ba ya ciwo sai dai gajiya. Ya ce kuma ko da yana ciwo, tun kakanninsa ba a ba baƙo yawu ko gashi ko farce, don ba a san hannun da za su faɗa ba, da su ake yi wa mutum asiri. Wannan magana ba ni ya gaya wa ba. Shanu ya gaya wa.

Bukar ya ce, "Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne. Bafulatani yana tarar kura da sanda, amma ya ga kwalba ya gudu. Bari in je Manga in ba da labari."

"Ƙarya kake, bawa."

"To tofa."

Baffa ya ce, "Ba a taɓa yin ubangida ya shiga kogi bawa yana kan tudu ba. Kai za ka fara, a ga zurfinsa."

"Kawo. Ni kakina ko Makka aka kai shi sai an yi masa marhaba."

"Kuma a kai su tare. In asiri za a yi, a haɗa da kai."

Nan ne na yi magana ta farko a gaban surukina ba gaisuwa ba. Na ce, ina kallon ƙasa, a gafarce ni, na asuba ake so, kuma safiya biyu. Bukar ya ce kun ji, ya sami baki. Haka ya fasa tafiya ya ƙara kwana biyu, yana cin furar mutane yana zaginsu. Kowace asuba su biyu su tsuguna bayan garke kowa da kwalbarsa, suna gardamar wa ya fi cikawa. Ashe ƙarin kwalabe biyun da na roƙa suna da mai su. Da yake ba na rabuwa da allura da zare, na ɗaura wa na Baffa farin zare a wuya, na Bukar baƙi. Na ɗaura, na kwance, na sake ɗaurawa a gabansu, don kada wata rana zuciyata ta ce mini na musanya.

A tashar Magarya muka rabu da Bukar. Shi ya nufi gabas, ni kudu. Na rasa abin da zan ba shi. Ya sa hannu ya cire kofin daga wuyana ya rataya a nasa, ya ce wannan jangalin bana ne. Na tambaye shi inda zan aika masa da sakamako. Ya ce in aika wa tabar, ita ke da tarin. Motarsa ta tashi yana dariya.

Dawowa ba ta yi wuya ba. A iyaka wani ma'aikaci ya sa hannu cikin jakata ya ɗago kwalba ɗaya yana dubawa a rana. Na gaya masa abin da ke ciki. Ban taɓa ganin an sallami matafiyi da sauri haka ba. Labari ya riga ni shiga mota, don haka daga iyaka har Kazaure benci guda aka bar mini ni kaɗai, na rungume jakata a inuwar rigata. Tun da nake shiga mota ban taɓa samun sarari irin wannan ba.

Na kai wa malamin asibiti kwalba huɗu. Na ce masa masu farin zare su ne aikin, masu baƙi kuwa alkawari ne kawai na ɗauka zan kawo, in ya ga dama ya zubar inda ya dace. Ya ce tunda sun zo, duk za su tafi Kano. Kwanakin jiran nan ban ɗinka wa kowa riga daidai ba.

Ranar da sakamako ya zo shi ya aiko a kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce masu farin zare ba a ga komai a cikinsu ba, tarin tsohon wataƙila na shekaru ne da hayaƙin garke, in ya ci gaba dai a kawo shi. Na fara hamdala. Ya ɗaga hannu. Ya ce masu baƙin zare duka biyun cike suke da ƙwayar tarin fuka, ina mai su? Na ce ya yi gabas. Ya tambaya ko na san waɗanda suka zauna kusa da shi, ko suka kwana ɗaki ɗaya da shi. Na ce na san mutum ɗaya.

Aka gwada nawa kakin, aka tura ni Kano aka ɗauki hoton ƙirjina. Kafin amsa ta fito a zaure na kwana, Hajara tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Ba a ga komai ba. An ce in dawo bayan wasu watanni a sake dubawa, na koma tun kafin lokacin, aka ce in tafi sai an neme ni. Na aika wa fatoman Babura da saƙo ya gaya wa baƙinsa su je a gwada su. Hajara ta tafi gidansu a kan lokaci, ta sauka lafiya, namiji.

Da na je suna, na rasa ta inda zan gaya wa Baffa sakamakon Bukar, tunda mai faɗa masa magana ba ya nan. Hajara ta gaya wa innarta, innarta ta gaya masa. Da yamma ina durƙushe a wurina na nesa, sai na ji ya kira sunana. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kama sunana ba. Na ɗaga kai ba da niyya ba, na ga ni yake kallo, ba shanu ba.

"Haruna, ka nemo mini shi. Ni na sa shi ya shiga kogin. Ubangida ba ya barin bawansa a hanya."

Yaron Abubakar na sa masa, wato Bukar a bakin Barebari. Kakansa ba ya kiransa da komai sai ɗan bawa.

Na nema. Na tambaya a Babura, fatoma ya ce bai sake ganinsa ba, kuma ba al'adarsa ba ce ya daɗe haka. Na bi layin 'yan kanwa a kasuwar Gwiwa da ta Roni da ta Kazaure. Na ba direbobin Magarya sallahu. Kowa ya san Bukar mai kanwa, sai dai in an kwatanta sai ya zama wani Bukar ɗin ne.

Wannan ce buƙatar tawa. Jama'a masu karatu, musamman fatake da direbobi da masu 'yan'uwa a Damagaram da ƙasar Manga, ina roƙonku don Allah. Dogo ne siriri, Babarbare, yana zuba taba a leɓe, dariyarsa tana ƙarewa da tari. Wataƙila har yanzu yana rataye da kofi shuɗi, igiyarsa kitson zare ce irin ta tela. Kada ku nemi mai kama da hoton da ke jikin bango, ba ya kama da shi. Wanda ya gan shi ya gaya masa tarin nan ba na taba ba ne, kuma yana da magani, allura da ƙwayoyi, sai dai ana daɗewa ana sha, malamin asibiti ya ce ba a biyan ko kwabo. Ya je asibitin da ya fi kusa da shi, a Ingila ko a Faransa, a gwada shi da mutanen gidansa. In ya yi dariya ya ƙi, ku ce masa wani Bafulatani a bayan Magarya yana ba da labari cewa Babarbare ya ga allura ya gudu. Wanda kuma ya san inda yake, ko ya san abin da ya same shi, ko wane iri ne, ya aiko layin teloli a kasuwar Kazaure, a ce a ba Hattara. Akwai tsohon da ke tambayata ta bakin duk wanda ya zo daga can, ni kuwa har yau ban iya yi masa ƙarya ba.